Tsuntsun da Ya Gifta Kan Ƙanena

Jikata ce ta tayar mini da wannan magana, ita kuwa ko a jikinta. Ina zaune a bayan ɗakina nan Gusau, inda ɗana ya bar mini ɗan fili na shuka zogale da yakuwa, sai na ji fuuu, wani abu ya faɗo tsakanin zogalen. Kurciya ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Kafin in gyara tabarau ya tashi da ita, sai gashi kawai ke saukowa. Yarinyar nan ta fito a guje da waya a hannu, wai ta ɗauke shi hoto, ta turo mini wayar har hanci tana cewa, "Kaka, wane tsuntsu ne wannan? Me kika gani?" Wallahi sai da na ja da baya. Na ce mata shaho ne, ta ba ni wuri. Ta tafi tana dariya, wai tsohuwa na tsoron tsuntsu. Ba ta san an taɓa yi mini wannan tambayar ba, ranar da ran ƙanena ya rataya a kan amsar da zan bayar.

A ƙauyenmu, can ƙasar Bungudu a bakin gulbi, yaro kan iya duban sama tun bai iya ɗaure wando ba. Dole ce ta sa, don kaji su ne dukiyar mata, shirwa kuwa ba ta da aiki sai su. Kana cikin wasa sai ka ji zakara ya ja wata doguwar ƙara daga maƙogwaro, ba cara ba, nan take 'yan tsaki su ɓace ƙarƙashin rumbu. Sai matan gida su ɗauka, "Shirwa! Hai! Hai!" ana buga murfin kwano, maƙwabta su karɓa, na gaba su karɓa, har kana iya bin hanyar da ta bi a kan gari da kunne kawai. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma mu har mai kazar tsoronta take. Mukan tsoma 'yan tsaki a jar galura don ta kasa gane su, su yi ta yawo a tsakar gida jawur abin dariya. Kajin yanzu fa? Na gidan gona, farare sol, inji ya ƙyanƙyashe su, in shirwa ta sauka gabansu ina jin gaishe ta za su yi. Wannan ihun na mata kuwa na daɗe ban ji shi ba, sai kukan janareto da na babura.

Kaka, uwar Baba, ita ta koya mini tsuntsayen nan ɗaya bayan ɗaya, tana kaɗi ina gefenta ina cire mata gurya daga auduga. Ba ta da haƙuri, ka yi kuskure ka sha rankwashi. "Bar kallon girma," takan ce, "sama na ƙarya da girma. Dubi wutsiya." Shirwa ruwan ƙasa ce, wutsiyarta a tsage kamar bakin almakashi, tana shawagi tana juya ta, kuma ba ta iya rufe baki, sai ta yi ta wannan fito nata mai rawa. Shaho ba ya sallama. Ta tsakanin itatuwa yake zuwa ƙasa-ƙasa, wutsiya doguwa a miƙe, kafin ya iso kurciyoyi sun ɗauke wuta. Ungulu ba ta jewar banza, amma ba ruwanta da mai rai. Sai gaggafa. In Kaka za ta ambace ta sai ta rage murya ta tofar da yawu gefe. Baƙa ce wuluk, fuska ja, ƙafafu ja, wutsiya kuwa kamar an datse, ba ta cika kaɗa fiffike ba sai dai ta yi ta tangaɗi a sama, ta karkata nan ta karkata can. Ko ɗan tsako ba ta taɓa ɗaukar mana ba. Inuwarta ake tsoro.

Abin da aka yi imani da shi a garinmu, in inuwar gaggafa ta faɗa kan jinjiri mai shan nono, ciwon da muke kira tsuntsu zai kama shi. Jiki ya yi zafi, ya sanƙare, idanu su kafe sama, hannuwa su riƙa fizga. Maganinsa ɗaya ne, lalas: wanzami ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ɗora wa yaro a goshi, da ƙeya, da ƙirji. Kuma sai an yi kafin rana ta dawo daidai inda take lokacin da inuwar ta faɗa, in ta gota an makara. Yau jikokina da sun ji zazzaɓi sai asibiti, a ce na cizon sauro ne ke neman hawa kai, a yi allura a dawo gida. Na yarda, na ga amfaninsa da idona. Amma kada wani ya harɗe a kujera ya ce mini iyayenmu wawaye ne. Mutanen da ke binne 'ya'ya duk damina, abin da aka ce musu magani ne sai sun kama shi hannu biyu.

Innarmu mai wabi ce. Ni ce 'yar fari, na tsaya, bayana uku suka zo suka koma. Ta ƙarshensu mace ce, ita aka yi wa lalas bayan an ce an ga gaggafa a kan gidanmu. Ƙunar ta ɗuri ruwa, ta ruɓe, ɗaki ya ɗauki wari, yarinyar ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, sannan ta tafi. Kaka ta ce an makara ne. Matar ɗa kuwa ba ta musu da uwar miji, balle Inna 'yar ƙasar Tsafe ce, ba ta da kowa a garin da zai tsaya mata. Amma daga ranar, in wanzami ya yi sallama a zaure, ko aski ya zo yi wa Baba, sai ta shige ɗaki. Ana nan Allah ya kawo ƙanena. Aka huda masa kunne, aka laƙaba masa wani suna na banza don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ya kuwa yi ɓul-ɓul, ga dariya, har ya fara zama. Kaka ba ta sauke shi daga cinya, angona take ce masa, ya yi tari sau ɗaya duk gidan ba mai sakat.

Da rani ne abin ya faru, albasa ta fara kai. Inna na surfe, ta goya mini shi, ta ɗora mini ƙwaryar fura ta ce in kai wa Baba lambu. Ina son lambun nan fiye da ko'ina a duniya. Tun daga nesa kana jin jigo na kuka ƙiii, ƙiii, guga na nutsewa, ruwa na bin 'yar hanyarsa zuwa fangali, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen albasa. Akwai mangwaro, akwai wata doguwar giginya a bakin gaɓa, ƙananan tsuntsayen nan masu saƙa sun rataye sheƙunansu a ganyenta suna surutu wuni guda. A lokacin 'yar yarinya da goyo kan ratsa gonaki ita kaɗai, abin tsoro bai wuce kare ko maciji ba. Yau ƙartin maza ke haɗa ayari kafin su shiga wannan lambun, hannu na aiki kunne na daji, da an ji ƙarar babura da yawa a watsar da kayan ban ruwa kowa ya yi ta kansa. Mu da muke tsoron abin da ke sama, aƙalla an koya mana yadda ake gane shi. Na yanzu sai ya tsaya a kanka kake sanin ko wane ne.

Na sauke ƙanena, na shimfiɗa masa zanen goyo a bakin inuwar mangwaro, rana ta kusa tsaka. Baba ya sauka gaɓa yana yashe ramin da guga ke faɗawa. Na tsuguna ina tsinkar wa Inna alayyafo, yaron ya yi ta mutsu-mutsu har ya mirgina cikin rana yana damƙar ƙasa. Sai tsuntsayen giginya suka kaure da ihu gaba ɗaya. Na ga inuwa, babba, ta taso daga fangalin albasa, ta hau kan yaron ta rufe shi ruf, ta sauka ta wuce. Na ɗaga kai. Tsuntsun yana nan kusa, bai fi tsayin mangwaro ba, ya karkato kai ya dube ni, fuskar nan jawur, babu gashi a kanta. Ban san na yi ihu ba sai da na ga Baba ya hauro gaɓa da taɓo har gwiwa. Tsuntsun ya riga ya sha kan itatuwa.

"Mi kinka gani?" in ji Baba.

Na ce, "Babba ne, Baba. Fuskarsa ja. Ta kansa ya bi."

Baba bai sha furar nan ba. Ya ɗauki yaron ya saɓa a kafaɗa, abin da ban taɓa ganin ya yi a waje ba, muka kama hanyar gida. Kaka na ganin namiji saɓe da jinjiri da rana tsaka ta ajiye mazari. Ba Baba ta tambaya ba, ni ta kamo ta tsayar gabanta, na faɗa mata yadda aka yi. Na ji taɓaryar Inna ta tsaya.

"Wutsiya fa?" in ji Kaka.

"Ban duba ba, Kaka. Fuskar na kalla."

"Ba ki gan ta ba don babu ta. Jar fuska, ba wutsiya. Innalillahi! A kira mani wanzami."

Na ce ban ce babu ba, ban dai duba ba ne. Ta ce in rufe mata baki, ba da bakin yarinya za ta yi wasa da ran angonta ba. Aka je gidan wanzami aka tarar ya tafi Nahuce, sai gobe da hantsi. Inna ta karɓi yaron ta shige ɗaki ta saki asabari. Ni kuwa tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san warin ɗakin nan, ni nake kwana a ciki lokacin ƙanwata. Ga haushi kuma. An rankwashe ni sau nawa a kan wutsiya, ranar da take da amfani sai na ɓuge da kallon fuska!

Da yamma Baba ya je ya durƙusa gaban uwarsa, ina raɓe jikin rumbu ina ji. Ya ce, "Iya, gaggafa ba ta saukowa ƙasa haka. Tun tasowata nike lambun ga, can ƙololuwa nike hangenta. Tsuntsu mai farauta yana da zagayensa, inda ya ci jiya nan yake dawowa. Ki bari in tafi da yarinyar ga gobe ta nuna mani shi."

Kaka ta ce, "Tafi ka duba. Amma in rana ta kusa tsaka ba ni jiran kowa. Na yi jira sau guda, ka ga abin da jira ya ba mu."

Gari ya waye jikin yaron da ɗumi, yana ta dalalar da yawu yana ƙin nono. Yanzu da na goyi nawa na san haƙori ma kan sa haka, amma ranar kowa ya taɓa shi sai ya dubi ɗan'uwansa. Muka tafi lambu ni da Baba. Bai ja jigo ba, albasa ta kwana da ƙishi ta wuni da shi. Muka zauna gindin mangwaro, wuya a ɗage. Shirwa ta zo tana fito, ya ce, "Ita ce?" Na ce a'a. Can wani ƙaramin shaho ya ratso ta cikin itatuwa ya doki kurciya a bakin fangali, ya taka ta yana figa. "Shi ne?" Na ce a'a, wannan bai kai rabinsa ba. Daga nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Inuwar mangwaro sai janyewa take tana matsowa gindi, muna matsawa tare da ita. Ina roƙon Allah tsuntsun ya zo, ina kuma tsoron ya zo in duba in ga babu wutsiyar. Baba ya lura bakina na motsi. Ya ce, "Kar ki faɗi abin da kike so. Faɗi abin da kinka gani, ko mai ɗaci ne." Na fashe da kuka, ya ce in share ido, da su za a yi aiki.

Sai tsuntsayen giginya suka kaure. Ga shi nan tafe daga hayin gulbi, yana kaɗa manyan fikafikai a hankali kamar wanda bai karya ba, ruwan toka ne ba baƙi ba. Ya sauka kan ganyen giginya, ya sulale ya rataya kai ƙasa yana fakar-fakar, ya zura wata doguwar ƙafa cikin sheƙa yana lalube. Na dubi fuskar. Rawaya ce. Na ce, "Ba shi ba ne, Baba. Na jiya ja ne." Baba ya sauke kai ya dafe ƙasa. Ƙananan tsuntsayen suka yi masa ca, suna kai masa sara ta ko'ina, ya zaro ɗan tsuntsu ɗaya ya ɗago kai yana huci. Wallahi a kan idona fuskar nan ta juya, rawayar ta ɓace ta koma jawur, kamar mutum ya yi fushi. Na damƙi hannun Baba na ce, "Shi ne! Shi ne!" Wannan karon na duba. Wutsiya doguwa, baƙa, da farin ratsi ya gitta ta.

"La'ilaha illallahu! Ɓarawon sheƙa ne, dangin shaho," in ji Baba. Ya dubi inuwarsa, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ban taɓa ganin Baba na gudu ba sai ranar. Ya tattare riga ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya bar ni a baya ina faɗuwa ina tashi cikin kunyoyin gona, ƙaya na sukata ban ji ba.

Ban kai zaure ba na ji ƙarar. Iri ɗaya da ta ƙanwata, wadda yaro kan ja ya ɗauke numfashi sai ka ce ba zai dawo ba. Na shiga, ƙaurin fata ya dake ni. Inna na zaune kan kifaffen turmi, yaron a cinyarta, ta tallabe kansa da hannu biyu, idanunta a rufe gam. Daga baya na ji ita ta ce in dai sai an yi, to ba hannun da zai riƙe shi sai nata. An yi na goshi, wanzami ya mayar da ƙarfen wuta don na ƙeya. Baba ya fizge ƙarfen daga murhu ya cilla cikin randa, ya yi cuuu.

"Ba gaggafa ba ce, Iya! Yana da wutsiya, ta kai kamu guda!"

Kaka ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Da idonki?"

Na ce, "Da idona, Kaka. Baƙa da farin ratsi."

Sai ta zauna daɓas a ƙasa, tsohuwar da ko tabarma ba ta zama sai an kakkaɓe. Wanzami ya tsamo ƙarfensa ya sa a zabira, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fice. Inna ba ta buɗe ido ba sai da Baba ya ɓamɓare yatsunta daga kan yaron.

Ƙunar ta kumbura ta ɗuri ruwa, kullum da safe nakan kai hanci kusa da goshinsa in shinshina. Allah ya so, ta bushe. Tsuntsu bai kama shi ba, haƙora biyu suka fito. Kaka har ta koma ga Allah tana cewa wannan guda ɗayan ne ya tsare angonta, Baba kuma bai sake yi mata musu ba. Ƙanen nawa yau gemunsa fari fat, yana can ƙauyen ya ƙi tasowa duk da halin da ake ciki, tabon na nan ƙarƙashin hula, shi dariya ma yake ba shi. Gaggafa kuwa ta ɓace daga samanmu, yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba.

Inna ce ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta aurar da ni, ta aurar da shi, ta goyi 'ya'yanmu, ko sau ɗaya. Sai a ciwon ajalinta, ni ke jinyarta, wata la'asar ina ba ta kunu ta ture cokalin ta riƙo hannuna. Ba ta faɗin sunana, 'yar fari ce ni.

Ta ce, "Ke. Wutsiyar nan. Kin gan ta da gaske, ko kun faɗa ne ke da babanki don a ƙyale shi?"

Na ce, "Na gan ta, Inna. Doguwa, da farin ratsi."

Ta saki hannuna. Ta ɗaga nata biyun ta daɗe tana kallonsu.

"To ashe a banza na riƙe masu shi," ta ce, ta juya fuskarta bango.